Biyan makaranta gwargwadon sakamako: ina kuɗin zai nufa in Kaduna ta gwada?

A wani zaman kwamitin kula da makaranta da na halarta a wata firamare da ke bakin garin Kaduna, kan bencin yara muka zauna, a ajin da rabin silinsa ya rufto. Hedimasta ya karanto buƙatu: alli, kujeru, gyaran banɗakin 'yan mata, burtsatsen da ya lalace tun bara. Sai wani dattijo, tsohon ɗan kwangilar gini, ya gyara zama ya ce, "Malam, ni fa na gaji da jin a kawo, a kawo. Jikana yana aji biyar, ka ba shi katin asibiti ba ya iya karanta sunansa a kai. Da ni ne gwamna, yadda nake biyan magini haka zan biya ku. In ga layin bulo, in ba da kuɗi." Hedimasta bai ji haushi ba. Ya ce, "Alhaji, gaskiyarka. Amma magininka in ka kai masa bulon da bai sha siminti ba, mayar maka yake yi. Ni kuwa duk wanda aka turo karɓa nake yi, da mai karyawa da shayi da burodi, da wanda ya kwana bai ci ba, su 120 a aji guda." Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a wuce batu na gaba.

Su biyun duk suna da gaskiya, kuma gardamar da suka yi a minti uku ita ce majalisun jihohin Amurka da Barazil suka shafe shekaru suna yi: da wane ma'auni za a raba kuɗin makaranta? Yawan yara, tsananin buƙata, ko abin da yaran suka koya? Tunda maganar "a biya bisa sakamako" ta fara shigo mana ta ƙofar Bankin Duniya, gara mu san cikinta tun kafin wani ya rubuta mana dokarta.

Mu fara da yadda kuɗin ke zuwa yanzu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba ta taɓa shi sai ta ajiye kwatankwacinsa, wato ka kawo naira a ba ka naira. Sauran rabin an yanka shi gunduwa-gunduwa: kashi 15 na kayan koyarwa, 14 na cike giɓin ilimi tsakanin yankuna, 10 na horar da malamai, da 'yan ƙanana. Kashi 5 kacal aka ware don saka wa jihar da ta yi ƙoƙari. Abin lura shi ne wancan babban rabin raba-daidai ake yi masa tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kaduna, da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 6.1, daidai take karɓa da Bayelsa mai miliyan 1.7. Tsarin bai san yawan yara ba, bai san talauci ba, balle ya tambayi ko yaro ya iya karatu.

Kuma wannan ba shi ne babban kuɗin ba. Babban kuɗin ilimin firamare albashi ne, wanda ake cirewa daga kason ƙananan hukumomi 23 a biya ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A nan akwai abin da ba a cika faɗa ba: tunda kusan duk kuɗin albashi ne, to kuɗin malami yake bi, duk inda aka tura shi can ya nufa. Makarantar cikin gari da malamai suka yi wa yawa, saboda kowa yana da wanda zai roƙa masa kada a kai shi ƙauye, tana lashe ninkin abin da makarantar bayan Kauru ko Birnin Gwari mai malami biyu ke samu a kan kowane yaro. Babu majalisar da ta zauna ta amince da haka. Takardar canjin wurin aiki ce ta zama tsarin rabonmu, ba tare da an taɓa kiranta da wannan suna ba.

Amurka ita ce ta fi kowa surutu a kan wannan batu, kuma dalilinta daban ne da namu. Can akwai gundumomin ilimi wajen 13,000, kowace da hukumarta da kasafinta. Kusan rabin kuɗinsu daga yankin yake fitowa, mafi yawansa harajin gidaje da filaye, kusan rabi daga jiha, tarayya tana ƙara abin da bai cika wuce kashi 10 ba. Ke nan unguwar masu manyan gidaje makarantarta tana da kuɗi, ta talakawa sai abin da hali ya yi. A 1973 maganar ta kai kotun ƙolinsu a shari'ar San Antonio, kotun ta ce tsarin mulkin tarayya bai tilasta daidaita kuɗin ba, sai rigimar ta koma kotunan jihohi. Daga nan aka samu tsare-tsaren da ke ɗora wa kowane yaro wani adadi, sannan a ƙara nauyi gwargwadon halinsa. Kalifoniya tun 2013 tana ƙara kashi 20 a kan ɗan talaka da wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Tenesi ta yi sabuwar doka a 2022: dala 6,860 a kan kowane ɗalibi, ƙarin kashi 25 ga ɗan talaka, ƙarin kashi 5 ga gundumar da gidajenta ke warwatse. Ladan sakamako yana nan a dokar, amma ɗan ƙarami ne a saman wannan tulin. A kula da jerin: yaro tukuna, sai buƙatarsa, sakamako a ƙarshe.

Shi biyan makaranta da sakamako tsantsa an taɓa gwada shi, kuma mu ma ya taɓa shafarmu. A 1862 Ingila ta kawo wata doka a hannun Robert Lowe, mai kula da harkar ilimi a gwamnatinta. Kowane yaro yana iya jawo wa makarantarsa sule 12 a shekara: sule 4 na zuwa makaranta, sule 8 na jarrabawar da sufeto zai yi masa a karatu da rubutu da lissafi. Duk darasin da ya faɗi a cire sule 2 da kwabo 8. Lowe ya gaya wa majalisa cewa tsarin in bai yi araha ba zai yi inganci, in kuma bai yi inganci ba zai yi araha. Arahar ce ta fara zuwa. Malamai suka koma sa yara hadda, har yaro ya karanta littafin aji da ka alhali bai san me ke ciki ba, darussan da ba a biya a kansu suka mutu, aka riƙa ɗauko yara marasa lafiya ranar zuwan sufeto don kada a yi asarar sulallansu. Kafin ƙarnin ya ƙare Ingila ta watsar da shi. Amma ta riga ta aiko da shi nan ta dokokin ilimi na 1882 da 1887, inda tallafin makarantun mishan ya rataya a kan cin jarrabawa. Gwamna Lugga, wanda majalisar dokokin jiharmu ke zama a zauren da ke ɗauke da sunansa, shi ya sassauta abin a dokarsa ta 1916: kashi 40 na jarrabawa da ci gaban yara, 30 na tarbiyya da tsarin makaranta, 20 na yawan malamai da ƙwarewarsu, 10 na gini da tsafta. Ba yabon Lugga nake yi ba. Ina nuna cewa wanda ya zo yau da wannan shawara a matsayin sabon abu, kakansa ya riga shi.

Babbar matsalar ita ce abin da maki ke aunawa. Makin yaro a jarrabawa kayan gida ne da na makaranta a haɗe cikin buhu ɗaya: ko uwarsa ta yi boko, ko ya karya kumallo, ko yana talla da safe, ko an tashe su daga garinsu sun yi wata shida a gidan dangi. A ƙaddara makarantu biyu. Ta farko a Unguwar Rimi, 'ya'yan ma'aikata, yara 70 cikin 100 sun iya karatu a farkon shekara, a ƙarshenta 74. Ta biyu a wani ƙauyen Giwa, 10 cikin 100 a farko, 30 a ƙarshe. Wace ce ta yi aiki? Kowa ya san ta biyu ce, ta ninka sau uku. Amma in dokar ta ce a ba wadda ta fi maki, ta farko za ta kwashe, ta sayi ƙarin littattafai, ta jawo malaman kirki, baɗi ta sake kwashewa. An ƙara wa Barno dawaki ke nan, da kuɗin gwamnati kuma.

Ba hasashe ba ne. Jihar Arizona ta fara haka a 2017: makarantun da suka fi maki a jihar suna samun ƙarin dala 225 a kan kowane ɗalibi, waɗanda suka yi fice a cikin makarantun talakawa kuma dala 400. Duk da wannan bambanci, ƙorafin da ya yi ta biyo shirin shi ne kaso mai tsoka yana tafiya unguwannin masu hali, kuma a 2023 aka soke shi. Teksas ta ɗan fi wayo a dokarta ta 2019. Tana ba gunduma lada a kan ɗaliban da suka gama sakandare a shirye don jami'a ko sana'a, dala 5,000 in ɗan talaka ne, 3,000 in ba shi ba, kuma sai waɗanda suka haura wani mizani ake ƙirgawa.

Sai matsala ta biyu, wadda mu 'yan Najeriya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayaninta. Duk lambar da aka rataya wa kuɗi, za a samu mai gyara lambar. Bayan dokar Amurka ta 2002 da ta ɗaure makarantu da makin jarrabawa, binciken da jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya samu malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 na birnin Atlanta da hannu a gyara amsoshin yara. Wasu taruwa suke yi da abin gogewa suna canza amsa, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. In ƙasar da ke da kwamfuta a kowane aji ta yi haka, mu da muka san makarantun da ake kai yaro ya yi rajistar WAEC a can saboda "ana taimakawa", me muke zato? Kuma ba sai an saci amsa ba. Akwai hanya mai tsafta: ranar jarrabawa ka ce wa yara goma mafi rauni su huta a gida. Matsakaicin maki ya tashi, ba ka karya ko doka ɗaya ba.

Ko ƙidayar kai ma, wadda ake ganin ta fi sauƙi, tana da nata. Lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, a kan naira 50 kowane yaro a rana, gwamnatin da kanta ta ce rajista ta kusa ninkawa. Na ga abin da idona a wata makaranta: ƙarfe goma aji ya cika har taga, wasu da ƙannensu a goye, kowa da robarsa. Masu abinci na kwashe kulolinsu, kafin sha ɗaya da rabi ajin ya koma rabi. Yunwa ce ta kawo su, kuma ban ga laifin yaro ba. Amma a rajista duk ɗalibai ne. Shirin BESDA na Bankin Duniya, mai dala miliyan 611 da aka amince da shi a 2017 don jihohi 17 har da Kaduna, ya riƙa biya ne bayan an tantance sakamako, kuma babban sakamakon shi ne yawan yaran da aka shigar makaranta, ladan yarinya ya ɗara na yaro. Niyya mai kyau ce. Sai dai shigar da suna daban, zaman yaro a aji har zangon ƙarshe daban, iya karatunsa kuma wani abu ne na uku, kuma wanda aka sa wa farashi shi jami'i zai bi.

Yanzu ɓangaren "iya kashe kuɗi", wanda ya fi daɗin faɗa a bakin 'yan siyasa. Hanyar da aka fi auna shi ita ce a raba kuɗin da aka kashe da yawan yara, ko da makin da aka samu. Gwada wannan a Kaduna ka ga abin dariya. Ajin Rigasa mai yara sama da 100 da malama ɗaya shi zai zo na ɗaya wajen tattali, don babu inda yaro ya kai nan araha. Makarantar 'ya'yan makiyaya a Ladduga ta ƙaramar hukumar Kachia, ko ta wani tsauni a Sanga mai yara 40, ita za ta fito a matsayin mai almubazzaranci, alhali ko yara biyar ne a aji dole a sa musu malami da rufi. Amurkawa sun taɓa yayin wata dabara wajen 2005, cewa dole kashi 65 na kuɗin gunduma ya shiga cikin aji. Jojiya ta mai da ita doka, gwamnan Teksas ya ba da umarni a kanta. Da aka duba ma'anar "cikin aji" sai aka ga kocin ƙwallo yana ciki, amma mai kula da ɗakin karatu da motar ɗaukar yara da abincin rana suna waje, kuma nazarin da aka yi bai ga wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin cika kashi 65 ɗin da makin yara ba. A ɗauko wannan ma'auni a kawo jihar da 'yan bindiga suka sace yara daga makarantar Kuriga a Maris ɗin 2024, jihar da gwamnatinta ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 saboda rashin tsaro. Katanga da maigadi da banɗakin da ke sa budurwa ta ci gaba da zuwa makaranta duk za su faɗa layin ɓarna.

Ɓarnar gaske ba ta ɓuya ba. Tana wajen malamai goma sha a makarantar da ke buƙatar shida, da sunan da ke karɓar albashi ba a taɓa ganin mai shi ba, da fentin da ake shafa wa ginin da rufinsa ke yoyo, da littattafan da gara ke ci a sito. Ko ɗaya daga cikinsu ba hedimasta ne ya yanke shawararsa ba. Shi ya sa nake ganin rage wa makaranta kuɗi don ta faɗi jarrabawa barin jaki ne a daki taiki. Ba ita ta ɗauki malami ba, ba ita ta tura shi ba, ba ta iya korarsa, ba ta ga takardar kwangila ba. Wanda hukuncin zai sauka a kansa shi ne yaron da dama can aka ba shi mafi ƙarancin rabo. Kaduna ta riga ta gwada matse ɓangaren malamai: a 2017 malamai 21,780 suka kasa samun kashi 75 a jarrabawar 'yan aji huɗu aka sallame su, a 2022 aka ƙara sallamar 2,357. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya taɓa wanda ke gaban allo ne kawai. Waɗanda ke zaune a inda ake raba kuɗi da malamai babu jarrabawar da ta same su.

Wurin da ya kamata mu tsaya mu duba da kyau shi ne jihar Seyara a arewa maso gabashin Barazil, yankin fari da talauci, mai ƙananan hukumomi 184 waɗanda su ke riƙe da firamare kamar namu. A Barazil kashi 25 na harajin cinikin da jiha ke tarawa na ƙananan hukumomi ne, kuma jiha tana da ikon tsara yadda za a raba wani yanki nasa. A 2007 gwamna Cid Gomes, wanda ya taɓa shugabantar garin Sobral inda aka fara gwajin, ya sa aka yi doka: daga wannan kason, kashi 18 a raba shi bisa sakamakon ilimi, 5 bisa lafiya, 2 bisa muhalli. Dabarar tana cikin ƙananan sharuɗɗan. Ci gaban da ƙaramar hukuma ta samu daga bara zuwa bana yana da nauyi babba, don haka matalauciya tana iya doke mai arziki. Yaron da bai zo jarrabawa ba yana jawo ragi, don haka ɓoye masu rauni asara ce. Yawan yaran da ke can ƙasa yana rage maki, don haka ba ka tsira da 'yan haziƙai goma. Jarrabawar kuma daga waje ake kawo ta, ana yi wa 'yan aji biyu, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kuɗin ba na makaranta ba ne. Na shugaban ƙaramar hukuma ne, ya yi titi da shi ko kasuwa in ya ga dama. Da farko sai ka ce wannan ai shirme ne. Amma ka yi tunanin ciyaman ɗin da ka sani. Ranar da ya gane cewa kwalbatin da zai yi kamfe da ita tana rataye da ko 'yan aji biyu sun iya karatu, ranar zai daina naɗa sakataren ilimi don ya yi masa wahala a zaɓe, ya nemo wanda ya san aiki. An ɗora nauyin a wuyan mai iko, kuma ba a taɓa kuɗin allin kowa ba. Sannan jihar ba ta tsaya ga lada ba: ta ba kowace ƙaramar hukuma littattafan koyon karatu da horon malamai da masu bibiya. Ko kyautar da take ba makarantun da suka yi fice, kashi 75 ake biya nan take, sauran sai makarantar ta riƙe hannun wata mai rauni ta ɗaga ta. Seyara ta tashi daga sahun baya ta shiga na gaba a ma'aunin firamare na ƙasar, har a 2020 Barazil ta gyara tsarin mulki ta wajabta wa duk jihohi raba aƙalla kashi 10 na wannan kaso bisa sakamakon ilimi.

Shin Kaduna tana da irin wannan igiya a hannunta? Tana da ita, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a ba su kai tsaye, don haka jiha ba ta da hurumin yi masa sharaɗi, kuma ƙungiyar malamai ta NUT tana ta fargabar a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, don ta tuna shekarun da ake bin watanni. Amma doka ta ɗora wa jiha ba ƙananan hukumomi kashi 10 na kuɗin shigar da take tarawa da kanta. Harajin Kaduna ya haura naira biliyan 50 a shekara tun 2020, ke nan ana maganar sama da biliyan 5. A nan majalisar jiha za ta iya gwada abin Seyara ba tare da ta taɓa albashin malami ko tallafin makaranta ba.

Ni dai in an tambaye ni, ba daga nan zan fara ba. Zan fara da ƙirga yara da gaske, da ziyarar ba-zata a tsakiyar zango bayan an tashi daga tara, a gwada da abin da ƙidayar makarantu ta shekara ta rubuta. Sai a fitar da abin da ake kashewa a kan kowane yaro a kowace makaranta cikin firamare sama da 4,000 da jihar ke da su, har da albashi, don a ga ramin da takardun canjin wurin aiki suka haƙa. Sai a ƙara nauyi ga ɗan gudun hijira, da mai naƙasa, da makarantar da sai an hau babur awa guda, a kuma biya malamin da ya yarda ya zauna can abin da zai riƙe shi. Bayan wannan ne ladan sakamako zai yi ma'ana, kaɗan, a kan ci gaba, a wuyan ƙaramar hukuma. Jarrabawar ma sai an yi hattara. WAEC da NECO sun yi nisa, waɗanda suka tsira har ƙarshen sakandare kawai suke aunawa. Ana buƙatar gwajin karatu a aji biyu ko uku, kuma a jihar da yaron Zariya ke tashi da Hausa, na Zonkwa da Jju, na Zangon Kataf da Tyap, na Kujama da Gbagyi, harshen da za a yi gwajin da shi zai iya yanke wa ƙaramar hukuma hukunci tun kafin a buɗe takarda. Mai gwajin kuma kada ya zama yana ƙarƙashin wanda za a biya, in ba haka ba an ba kura ajiyar nama.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan araha. A Yuganda an bi sawun tallafin da gwamnati ke tura wa firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, sauran yana narkewa a ofisoshin gunduma. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta sa makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Kwamitocinmu na makarantu, waɗanda shirin ESSPIN na tallafin ilimi daga Birtaniya ya taimaka aka kafa, kuma shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa ilimin 'yan mata, ke tura wa wasunsu kuɗin gyara kai tsaye a sakandare, za su iya wannan aiki in an ba su lambar da za su riƙe.

Bayan an tashi daga zaman nan, na tsaya da hedimasta a gindin darbejiyar da ke bakin ofishinsa. Na ce, "Malam, a shekara nawa gwamnati ke kashewa a makarantar nan, duka-duka?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai ni za ka gaya wa. Albashi ta banki yake shiga wa kowa. Ɗan kwangila da takardarsa yake zuwa daga sama, in ya gama in sa hannu cewa na gani. Littattafai mota ke saukewa, wani lokaci na aji shida su zo ninki biyu, na aji ɗaya babu." Na ce to me ya taɓa riƙewa da hannunsa? Ya shiga ofis ya ɗauko wani littafin rasit da bangonsa ya yage, na kuɗin da iyaye suka tara aka sayi kwano shida aka toshe rufin aji uku kafin damina.